Haƙƙin Tsufa: Tunawa da Mahaifina da Tsofaffin Yahudawa

Abin da ya sa na roƙi Edita ya sam mini wuri a wannan fili shi ne wata magana da na daɗe ina ji ana yi game da mahaifina tun yana da rai, wadda har yanzu da ƙasa ta rufe idonsa ba a bar yinta ba. Cewa ake yi wai ga mutum mai karatu, mai tsoron Allah, amma ya ƙarar da ƙarfinsa wajen wankin jikin Yahudawa a ƙasar Amurka. Waɗansu cikin tausayi suke faɗa, waɗansu kuwa cikin ba'a. To, maganar gaskiya ce, ya yi wannan aiki shekara ashirin da 'yan kai, ya kuma yi shi da zuciya ɗaya. Nufina in bayyana yadda aikin yake da yadda ya riƙe shi, domin wanda zai yanke masa hukunci ya yanke bisa sani.

Mu asalinmu Kanawa ne. Kakan mahaifina ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja a zamanin da ake kai kanwa da tufafi a komo da goro, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, sa'an nan zuriyarsa suka gangara zangon Kumasi. Can aka haifi Baba, can ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun littattafai har Risala, kana ya shiga cinikin goro kamar iyayensa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita daga Ghana. Baba bai taɓa ganin Kano ba, amma aka ce masa baƙo ne, ya ɗaure kayansa ya tafi Agege ta Ikko, inda kasuwar goro take. A watan Janairu na 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙi, sai aka saurari Hausarsa ta zango aka ce ai wannan mutumin Ghana ne. Muka koma Kumasi a bayan babbar mota, jari ya karye, ga fari da yunwar wannan shekara. Bai daɗe ba ya sami hanyar New York, ya bar mu wurin mahaifinsa. Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya san cewa mutumin da ya shiga gidan tsofaffin nan ya riga ya ɗanɗani korar mutum daga inda aka binne cibiyarsa.

Bronx, inda ya sauka, ɗaya ce daga gundumomi biyar na birnin New York. A wajen 1930 Yahudawa fiye da dubu ɗari biyar ke zaune cikinta, yawancinsu waɗanda suka baro Rasha da Polan, teloli da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikatan masana'antu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'ya'yansu suka yi karatu, suka yi arziki, suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni a bayan gari. A shekarun 1970 gobara da talauci suka cinye kudancin gundumar, aka bar tsofaffin da ba su da ƙarfin tashi ko ba su da mai ɗaukarsu. Gidajen da aka bari su ne mutanenmu na Ghana da Gambiya da Mali da Gini suka shiga haya. Sa'ad da na bi Baba a tsakiyar shekarun 1990, na tarad da wani ɗan kwanso kamar tsawon yatsa maƙale a jikin katakon ƙofarmu ta hannun dama, fenti ya rufe shi. Ya ce mini rubutun Attaura ne a ciki, na mutanen da suka zauna kafinmu, ya kuma hana a ɓamɓare shi da wulaƙanci.

Yahudawa sun daɗe da kafa gidajen kula da tsofaffinsu da kuɗin taimakon jama'arsu. Wanda ya fi suna a Bronx an fara shi a Harlem a 1917, aka mai da shi Riverdale a bakin kogin Hudson a 1951. Wanda Baba ya yi wa aiki ƙarami ne, bai kai wannan ba. Da wankin kwanoni ya fara a ɗakin girki, nan kuwa ya soma mamaki: ba naman alade, ba mushe, jini haramun ne, dabba sai wadda mahaucinsu ya yanka da wuƙa mai kaifi bayan ambaton Allah. Sun ma fi mu tsanani, gama ba su haɗa nama da nono, tukwanen wannan daban, na wancan daban, har wurin wanke su daban. A lokacin mahautanmu ba su yawaita ba tukuna, Musulmi da yawa wurin mahautan Yahudawa suke sayen nama, bisa izinin da ke cikin Suratul Ma'ida game da abincin Ma'abota Littafi.

A 1987 majalisar Amurka ta yi dokar gyaran gidajen tsofaffi, wadda ta wajabta wa mai taimakon jinya ya yi horo na aƙalla awa 75, ya kuma ci jarrabawa. Baba ya yi, ya ci, ya roƙi a sa shi a sashen maza, aka sa shi. Aikin kuwa ga shi. Ya tashe su da safe, ya kai mai iya tafiya bayan gida, ya sauya wa wanda ba ya iyawa ƙunzugu, ya wanke, ya shafa mai, ya yi aski, ya sa haƙoran roba, ya ɗaga mutum daga gado zuwa keke, ya ba da abinci cokali cokali yana lura kada mutum ya ƙware. Wanda ke kwance ɗungum sai an juya shi kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fata ta mutu a ƙugu da dunduniya ta zama gyambo har ƙashi. Albashi kaɗan, ciwon baya da yawa. Mutane da dama suna yin aikin nan da hanzari da ɗaure fuska, kamar mai loda buhuna, ba na kuma ganin laifinsu ƙwarai, don hannu biyu ne ake raba wa gadaje da yawa.

Abin da ya bambanta Baba shi ne ladabin da ya zo da shi daga wani wuri. A masallacinmu yana cikin masu wankan gawa, sai ya ɗauko ƙa'idodin can ya kawo wa masu rai. Ba ya shiga ɗaki sai ya ƙwanƙwasa, ko da mai ɗakin ba ya ji. Ba ya taɓa mutum sai ya gaya masa abin da zai yi. Ba ya buɗe tsiraici gaba ɗaya, sai ya rufa mayafi ya wanke ta ƙarƙashinsa, gaɓa bayan gaɓa. Lokacin sanyi yakan ɗumama hannunsa a ruwa kafin ya kai jikin tsoho. Abin da ya gani a jikin mutum kuma ba ya faɗa wa kowa sai nas. Kowannensu Baba yake ce masa, har Turawan wurin suka ɗauka wata kalmar jinya ce.

Na san waɗansu daga cikinsu, don a watan azumi ni ke kai masa abin buɗa baki, mu ci a ɗakin ma'aikata, tun da yake ba a shiga da abincin waje inda tsofaffin ke ci. Wanda ya fi zama mini a rai wani tela ne mutumin Lodz ta ƙasar Polan, ɓarin jikinsa ya shanye. A hannunsa na hagu akwai lamba da aka zana da allura, irin wadda mutanen Hitila ke yi wa fursunonin Auschwitz da suka ware don aikin dole. A watan Agusta na 1944 aka kwashe ragowar Yahudawan Lodz zuwa can. Matarsa ta fari da 'yarsa ba su kwana ba. Yahudawa wajen miliyan shida aka kashe a Turai a wannan zamani, amma telan ba ya maganar miliyan, sunayen mutum biyu kawai yake kira. Baba ya taɓa ba shi labarin korar 1969 da ta 1983, sa'an nan ya ce masa, "Amma mu an bar mu mun fita da 'ya'yanmu." Bai sake haɗa nasa da na telan a ma'auni ɗaya ba.

Telan ba mai addini ba ne. Ɗan wata ƙungiyar ma'aikata ne ta Yahudawa da ake kira Bund, wadda aka kafa a Vilna a 1897, shekarar da aka yi taron farko na masu neman kafa ƙasar Yahudawa a Basel ta Suwizalan. 'Yan Bund suna ganin ƙasar Bayahude ita ce inda yake zaune, a nan zai nemi haƙƙinsa, saboda haka ba su goyi bayan masu taron Basel ba. Gadon da ke kusa da nasa kuwa na wani tsoho ne mai gwangwanin tara wa Isra'ila kuɗi a kan akwatinsa, jikansa soja ne a can. Kullum suna cikin gardama, wani lokaci har da jifa da cokali. Wanda ya ce Yahudawa bakinsu ɗaya ne, lalle bai kwana a ɗakin nan ba. Baba yakan wanke wannan, ya wanke wancan, da ruwa mai ɗumi iri ɗaya.

Da Baba kuma gardamar telan ta samuwar Allah ce. Yakan ce ina Allah yake a Agustan 1944, Baba ya ba shi labarin Annabi Ayuba, shi kuwa ya ce ai ya san Ayuba tun Baba bai zo duniya ba. Su yi dariya. Suka gano cewa sadaka a bakinmu ita ce tsedaka a bakinsu, Asabar ɗinmu kuma daga Larabcin Sabt ta fito, watau Shabat ɗinsu. Daga baya gigin tsufa ya kama shi. Ingilishi ya gudu daga bakinsa, sai Yidish, harshen uwarsa. Ya shiga ɓoye burodi ƙarƙashin matashi, in kuma aka nufi ɗakin wanka da shi ya ga kan shawa a sama, sai ya yi ta ihu yana dukan mutane. Ma'aikata suka rubuta cewa mai faɗa ne. Baba ya tambayi limamin Yahudawan gidan, ya gaya masa cewa a Auschwitz ɗakunan da ake kashe mutane da iska mai guba an yi su kamar ɗakunan wanka, har da kan shawa na ƙarya. Washegari Baba ya zo da bokiti da moɗa. Ya zaunar da tsohon a kujera a ɗakinsa, ya yi masa wanka irin na gida, ruwa daga ƙasa zuwa sama, ba abin da ke zubo masa a ka. Bai sake ihu ba. Burodin kuma doka ta hana a bar shi a gado saboda kyankyaso, amma maimakon ya ƙwace, sai kowane maraice ya ɗauke na jiya ya sa sabo a leda, tsohon ya lalluba ya ji yana nan ya yi barci.

Akwai kuma wani mutumin Iskandariyya, cikin Yahudawan da suka bar Masar bayan yaƙin Suwez na 1956. Shi da gigi ya kama shi Larabci ya koma, jikokinsa kuwa ko kalma ɗaya ba su ji. Larabcin Baba na littafi ne, na tsohon na kasuwa, amma suka fahimci juna. In an tambaye shi lafiya sai ya yi hamdala kamar kowane Bamisire. Baba ya sayo masa kaset na Ummu Kulsum, ya riƙa sa masa da la'asar.

Game da ibadarsu, Baba bai shiga ba, bai kuma hana ba. Sallarsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da maza goma, saboda haka yakan bi ɗaki ɗaki yana turo keke har su cika, sa'an nan ya fita waje ya jira. Daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa daren Asabar masu riƙon addininsu ba su kunna wuta, sai ya lura da fitilar kowa tun kafin a tambaye shi. Ranar babban azuminsu, wanda ke kai wajen awa 25 ba ci ba sha, akan sami mai ciwon sukari ya kafe sai ya yi. Baba ba ya ɗura masa, sai ya kira limaminsu ya gaya masa da bakinsa cewa shari'arsu ta sauke wa mara lafiya, kamar yadda tamu ta sauke. In ɗayansu ya cika, ba su son a bar gawa ita kaɗai, sai ya zauna wurin har masu wankansu su iso, ko da lokacin tashinsa ya wuce. Suna wanke mamaci, su sa shi a farin likkafani, su gaggauta binnewa, su zauna makoki kwana bakwai. Ya ce mini ranar da ya fara gani sai da tsikar jikinsa ta tashi.

Mai karatu zai ce, to, ya musuluntar da wani? Ko ɗaya. Wanda ya tambaye shi game da Musulunci da hankalinsa ya ba shi amsa dalla dalla, amma ya ce ba za a yi wa mai gigi wa'azi da cokali a hannu ba, alhali ya san in ya ƙi ji yana tsoron a hana shi abinci. Amana aka ba shi ta jikin mutum, a kanta ake biyansa, a kanta kuma za a tambaye shi.

Yanzu in zo kan abin da ya fi yi wa mutane nauyi, watau Falasɗinu. A ƙarshen Satumba na 2000, sa'ad da duniya ta ga hoton yaron nan Muhammad al-Durra maƙure bayan mahaifinsa a Gaza harsashi na zuba, wani attajiri ya tare Baba bayan sallar Juma'a a gaban jama'a ya ce, "Malam, kai da kake yi wa mutanen nan wanka, ba ka ga abin da suke yi ba?" Baba ya ce, "Na gani, Alhaji, na kuma yi kuka kamar yadda ka yi. Amma wanda na wanke da safen nan bai san ko yau wace rana ce ba. Nuna mini inda aka ce in bar shi cikin fitsarinsa don in huce haushin wani." Baba bai taɓa sassauta wa zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa ba, duk lokacin da aka yi gidauniya kuma da kuɗinsa a ciki. Abin da ya ƙi shi ne a ɗora wa tsoho mai jiran mutuwa laifin gwamnati. Ko a gida ya hana mu al'adar nan ta ce wa marowaci ko mai wayo Bayahude.

Yana da madogara. Malamai sun raba tsakanin jiɓintar maƙiyi, wadda aka hana, da kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba bai kuma kore mu daga gidajenmu ba, wadda aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarta. A cikin Sahihul Buhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba wani yaro Bayahude mai yi masa hidima da ya kwanta ciwo, ya kira shi zuwa Musulunci yana cikin hankalinsa, ya karɓa. Ya kuma miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Amma wanda Baba ya fi so shi ne labarin da Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraji, littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid. Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara saboda jiziya da buƙata da tsufa, ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya umurci ma'ajin Baitulmali ya kula da shi da ire-irensa, ya sauke musu jiziya, yana ganin ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yashe shi ran tsufansa. Baba ya rasu kafin yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoba 2023, wanda ya ci rayukan dubun dubatar mutane. Tun daga nan maganar da ake yi a kansa ta ƙara zafi. Ni dai ban ga abin da jinin nan ya goge daga hukuncin Umar ba.

Ta ɗaya gefen ma bai tsira ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ɗan telan nan ya je ofis ya ce ba ya son Musulmi ya sake taɓa ubansa. Aka mai da Baba wani bene. Bai yi gardama ba, sai dai ya roƙi wanda ya gaje shi ya riƙe bokitin da burodin. Ba a riƙe ba. Cikin 'yan kwanaki tsohon ya koma ihu, ya ƙi abinci, ɗan ya zo ya tarad da shi a ɗaure da keke yana kiran Baba, da ya tambaya aka ce ba mahaifinsa yake nufi ba. Shi da kansa ya hau bene ya nemo shi. A hannun Baba telan ya cika bayan shekara guda.

Akwai abin da bai cika faɗa ba. Kakanmu ya kwanta ciwon ajali a Kumasi a shekarun da takardun Baba ke hannun hukuma ba su fito ba. In ya fita ba shi da hanyar komowa, mu kuwa bakinmu duka a kan albashinsa yake. Ƙanensa da wani almajiri su suka yi ta ɗauka da juyawa har Allah ya karɓi abinsa. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, muna jiran jirgin ƙasa da dare. Ya ce, "Ni ban ɗauki ubana ba, waɗansu suka ɗaukar mini. To, waɗannan ma 'ya'yansu ba su nan."

A nan zan ɗan karkata ga 'yan'uwana 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Mukan yi alfahari cewa mu ba mu kai iyayenmu gidan tsofaffi, alfaharin kuma yana da tushe. Amma in tsoho ya kwanta, wa ke sauya shimfiɗar? Mafi yawa wata 'ya ce, ko matar ɗa, ko yaron gida, mu maza kuwa muna wurin aiki a wani gari muna aiko da kuɗin magani. Waɗansu masu yi wa Baba ba'a ba su taɓa riƙe fo wa mahaifinsu ba ko sau ɗaya.

Ciwon baya ne ya ajiye shi daga aiki, duk da haka ran Lahadi yakan hau bas ya je gaishe da waɗanda suka rage. Da nasa tsufan ya zo, muka yi jinyarsa a gida, ni da ƙanena, yana kwance yana gyara mana: ku ɗumama hannu, ku rufa mayafi, awa biyu ta cika ku juya ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. An binne shi a maƙabartar Musulmi a jihar New Jersey. Ɗan telan, wanda tun rasuwar ubansa ba ya fashin buga wa Baba waya kowace Sallah, ya zo da sandarsa ya tsaya can baya har aka gama. Da jama'a suka fara watsewa sai ya matso ya ɗauki ɗan dutse ya ɗora a kan kabarin, yadda suke yi wa nasu. Wani saurayi ya sunkuya zai ɗauke, liman ya ce ya bar shi.